Shekarar da Baba Ya Koyi Karatu

Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gindin katangar yamma, inda inuwa ke fara sauka, in zauna a tsakiyar jikokina. Idona ya yi rauni, fuskokinsu sai sun matso nake rarrabewa, amma kunnena lafiya lau, kuma abin da yake jiyo mini kullum iri ɗaya ne. Wannan ta kai salula bakinta tana zuba magana, ta saki, ta jira amsa. Wancan ya kara tasa a kunne yana dariya shi kaɗai. Can sai wata 'yar ƙara ta tashi, kowa ya laluba aljihu. Duk sun yi lakol, wato makarantar boko, wasu har da diplom a rataye a ɗaki, amma rabon da in ji ɗayansu ya buɗe littafi ya karanta ko shafi guda a fili, na manta. Saƙon ma ba sa rubutawa, sun ce wahala ce, gara su faɗa da baki. Ba na zargin kowa. Ɗana yana can Cibarakatan wajen haƙar zinariya, kusa da iyakar Aljeriya, kuma da wannan abin nake jin muryarsa, har in gane ko mura ke damunsa ko gajiya. Wanda ya ga zamanin da mutum ke tafiya arewa a shekara ba a san ko yana da rai ba, ba zai raina salula ba. Sai dai akwai abin da ta tarar a gidajenmu ta ture shi waje, kuma yaran ba su san an yi asara ba, don ba su taɓa ganinsa ba.

Agadas da na tashi a cikinta gari ne da ake sanin lokaci da kunne. Da asuba ladan ya hau hasumiyar babban masallaci ya yi kira da muryarsa tsura, babu na'ura, kuma ta isa ko'ina. Daga nan sai turame su ɗauka, gida ya amsa wa gida. In hantsi ya yi, 'yan gudumomin maƙeran azurfa su fara, can bayan gari kuma raƙuma na gurnani ana ɗora musu kaya. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta rene ni. Aikina ɗebo ruwa, daka, da taya ta ɗinkin fata, muna yin jakunkuna da matasan kai masu ado ja da kore. Baba kuwa mutumin hanya ne. Gishiri yake ɗaukowa daga Tigidda, dabino daga Kawar, har Sigidin ya sha kaiwa, sannan ya gangara Damargu ya musanya da gero. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Karatunsa na allo ne, gwargwadon abin salla da ɗan ƙari. Rubutun boko kuwa yakan ce sawun kaji ne a kan toka, bai ga abin da babban mutum zai tsaya kallo a ciki ba.

Farin bai zo rana ɗaya ba. Damina ta yi ƙaranci, wadda ta biyo ta ta fi ta, daga nan sama ta yi shiru. Ƙoramar Telwa ta daina kawo ruwa, rijiyoyi suka yi ta nisa sai an ƙara igiya. Raƙuman Baba suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, a hanya, a makiyaya, a ƙofar gida. Na ƙarshen wani jan amale ne da ya rena tun yana ƙarami. Da hannunsa ya yanka shi don kada ya mutu a banza, aka raba naman a unguwa, shi bai taɓa ba. Makiyaya, Buzaye da Fulani, suka yi ta kwararowa suna kafa bukkokin tsumma a bayan gari. Mijina ya tafi Arlit neman aikin ma'adinai, ni kuma na dawo gidanmu da goyon ɗan fari. Cikin wannan hali ne wata safiya rediyon maƙwabcinmu ya wayi gari da kiɗan soja, aka ce sojoji sun karɓi mulki. Gwaggo ta ce su karɓa, in dai za su karɓo mana ruwan sama tare. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka fara shigowa da jar dawa ta taimako, mu mata mu yi jeri a rana da ƙorai. Tuwonta ja ne, da ɗaci-ɗaci, amma yana riƙe ciki.

Baba ya ƙi ci.

"Ni da nake kawo wa garin nan gero," in ji shi, "yau ni za a auna wa sadaka da gwangwani?"

Ya koma zaure ya kwanta a kan buzunsa, fuska ga bango. Salla kaɗai ke tashe shi, ita ma a nan yake yinta, ya daina zuwa masallaci. Rawanin da yake naɗawa tsaf har ya rufe baki ya koma tsumma a gefen kansa. Ƙasusuwan wuyansa suka fito. Gwaggo ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kirawo liman. Don kunyar liman yakan ɗan lasa, sannan ya ture. Kullum in kai kwano da rana, in ɗauke shi da yamma kusan yadda na ajiye. Ba ciwo yake ba. Kowa a gidan ya san abin da yake jira, ba mai iya faɗa.

Lokacin ne aka buɗe karatun manya a unguwarmu, a gidan wata ungozoma mai faɗin tsakar gida. Ni dai ba karatu ya kai ni ba, an ce in an tashi ana raba wa masu goyo garin madara. Malamin saurayi ne siriri daga Damagaram, muna ce masa Mushe kamar yadda ake ce wa duk malamin lakol. Da Hausa yake koya mana, ba da Faransanci ba, kuma wannan ne ya fara ba mu mamaki, ashe maganar da muke yi a bakin rijiya ita ma tana rubutuwa. Ranar da na haɗa harufa da kaina suka ba ni "ruwa", na yi dariya har goyona ya farka. Da muka ɗan yi nisa ya riƙa ba mu aron wasu 'yan littattafai da suke bugawa da inji a buronsu, wato ofishinsu, takarda mai kaushi, tawada mai wari kamar magani. Wasu a kan zawon yara ne da tsabtar ruwa, wasu labarai ne.

Ban iya karatu a zuci ba a lokacin, sai na furta nake ganewa. Wurin da ya fi haske da la'asar a gidanmu shi ne bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, nan nake zama da littafina. Wata rana ina karanta labarin wani mahaƙi da rijiya ta rufta da shi. Mutanen ƙauye suna jin muryarsa daga ƙasa, suna gardama ko su tono shi ko su bar shi, don tonon zai iya rusa rijiyar da ta rage musu a gefe. Ina tafe ina tuntuɓe, kalma ɗaya sai in yi ta juya ta kafin ta fito. Yaron ya soma kuka, na rufe littafin zan tashi. Sai na ji murya daga cikin zaure, a dishe, kamar daga cikin tulu.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Mutumin nan. Matarsa tana ina ake wannan gardama?"

"Ban kai wurin ba tukuna, Baba."

"To, kai mana."

Na koma na zauna. Na dubi kwanon tuwo a gefensa, faifai a kai. Har yau ban san inda na samo ƙarfin halin ba.

"Baba, wallahi in ina kallon kwanon nan a rufe, muryata ba ta fita."

Na tabbata na yi rashin kunya. Sannan na ji an ɗage faifai.

"Yarinyar nan ta zama 'yar kasuwa," in ji shi, kamar da bangon yake magana.

Ina karatu yana ci. Gwaggo da ke laɓe ta cusa bakin zanenta a baki ta koma madafa da gudu, don kada ya ji kukanta ya fasa.

Ba a daɗe ba zauren ya fara samun baƙi. Na farko maƙerin azurfa ne na kusa da mu, wanda kasuwarsa ta mutu don ba mai sayen ado cikin yunwa. Sai wani Buzu, tsohon abokin tafiyar Baba, da ke zaune a bukkokin bayan gari. Sai wasu dattawan da su ma ba abin da ya rage musu sai zama. Ni ina bayan asabari, su suna ciki. Shafi ɗaya sai ya cinye mana la'asar, don ba sa bari in wuce. "Dakata, 'yata, maimaita wurin nan." In maimaita, su ɗauka. Maƙeri ya ce a tono mutumin ko da ƙauyen zai ƙare. Buzun, wanda ya binne 'ya'yansa a hanyar shigowa gari, ya ce da Hausarsa mai nauyi, wanda bai ga ƙishirwa ba ne ke faɗin haka. Baba ya ce su duka ba su tambayi mahaƙin ba, ai yana ji, a tambaye shi mana. Su yi ta musu har ladan ya raba su, su tashi suna kakkaɓe riguna suna cewa gobe a fara da wuri. Mutanen da da safe ba su san abin da za su ci ba, ga su suna ɗaga wa juna murya a kan wani da ba a taɓa haifa ba. Abin da muka sani a matsayin karatu ke nan. Mutum ɗaya ke riƙe da takarda, amma kowa na ciki, kuma ba a gaggawa. Yanzu kuwa labari kan zo wa yaro a tafin hannu, kafin ya gama ji wani ya hau kansa, ya ture shi da ɗan yatsa, da yamma ka tambaye shi abin da ya ji ba zai iya kawo maka ko ɗaya ba.

Wata rana bayan sun watse Baba ya kira ni ciki.

"Uwata, sawun kajin nan, in mutum ya tsufa yana shiga kansa?"

"Yana shiga, Baba."

"To. Amma kada maƙeri ya ji."

Muka share ƙasar zaure. In zana harafi da tsinke, ya bi da ɗan yatsa, in an yi sallama ya shafe da tafin ƙafa. Ya fi ni saurin kamawa. Da na yi mamaki ya ce mutumin da ke gane sawun raƙuminsa a cikin na ayari ba zai kasa raba harafin "ba" da na "ɓa" ba. Wani lokaci yakan yi fushi ya ce in tashi in ba shi wuri, jim kaɗan kuma ya sake kira. Ni ce nake gyara wa mahaifina kuskure, ina sunkuyar da kai ina cewa, "Ku sake dubawa, Baba." Naman jikinsa ya fara dawowa.

Motar soja ta zo gidan ungozoma da rana tsaka, muna cikin karatu. Sojojin ba su taɓa kowa ba. Suka ce Mushe ya taso. Ya ajiye allin, ya goge hannunsa a wando, ya dube mu, ya bi su suka tafi. Daga baya aka ce an tsinci wasu takardu na sukar gwamnati a gari, kuma irin injin buronsu ne ya buga su. Ko da hannunsa a ciki ko babu, har yau ban sani ba. Tsoro ya shiga unguwa. Zamani ne da ko a ɗakinka kake magana sai ka rage murya. Aka ce za a bi gida-gida. Mata suka riƙa cusa kaye, wato littattafan rubutu, da na karatu a murhu, ranar tuwon unguwarmu da takarda aka dafa shi. Gwaggo ta tattaro nawa ta nufi wuta, Baba ya tare ta a tsakar gida.

"Kawo."

"Yaya, so kake a tafi da yarinyar nan da goyo a bayanta?"

"Ba nata ba ne. Nawa ne. Kawo."

Washegari da hantsi suka iso, wani sarjan na soja da mai unguwa a bayansa yana sunkuyar da kai. Suka tarar da Baba zaune a ƙofar gida, ya naɗa rawaninsa tsaf, abin da bai yi ba tun ranar da ya yanka amale, littattafan a kan cinyarsa. Ni ina bayan asabari na ba yaro nono don kada ya yi ƙara.

"Tsoho, na wa ne waɗannan?" Hausar sarjan ta mutanen yamma ce.

"Nawa ne."

"Ka iya karatu?"

Baba ya buɗe na zawon yara, ya ɗora yatsa. Ya fara, gaɓa-gaɓa, yana tsayawa yana numfashi. "A ta-fa-sa ru-wa ka-fin a ba ya-ro." Maƙwabta sun taru, maƙeri na cikinsu baki buɗe. Sarjan bai yi dariya ba, bai kuma katse shi ba. Ya jira har ya kai ƙarshen shafin, sannan ya rage murya.

"Baba, umurni aka ba ni. Duk abin da injin nan ya buga sai an duba. In ba kome a ciki za a dawo muku da su."

Da hannu biyu ya karɓa. Har da na mahaƙin rijiya, wanda saura 'yan shafuka mu gama.

Ba a dawo da su ba. Baba da ya yi watanni bai wuce zaure ba ya riƙa takawa har sansanin soja a ƙetaren gari, ya zauna a bakin ƙofa yana tambayar littattafansa da malamin 'yarsa. A ce ya dawo gobe, ya dawo. Gwaggo tana cewa wata rana za su gaji su tura shi ciki, yana cewa in sun tura shi ai zai ga Mushe. Ba su tura shi ba, ba su kuma ba shi kome ba. Amma tafiyar nan ita ta mayar masa da ƙafafunsa. A hanyar dawowa yakan ratsa kasuwa, wani tsohon abokin ciniki ya ba shi dabino ya ce ya zauna ya sayar, kuma ya zauna. Mushe an ce an sake shi an tura shi wani ƙauye can gabas, bai sake taka Agadas ba, ban samu na yi masa godiya ba. Dattawan sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci suna ƙarasa labarin da bakinsu, kowa da nasa ƙarshen, har abin ya ishe su. Buzun ya rasu kafin ruwa ya dawo.

Baba kuwa ya rayu shekaru da yawa bayan haka, bai sake mallakar raƙumi ba, kuma yunwar karatu ba ta sake shi ba. Duk abin da ke da rubutu sai ya tsince shi, takardar da aka ƙunso nama, kwalin shayi, gwangwanin tumatir, ya yi ta furta Faransancin da bai san ma'anarsa ba. In wani zai je Damagaram ko Kano, saƙonsa ɗaya ne, a sawo masa littafin Hausa ko wane iri. Ni nake karanta masa dogaye, shi ya karanta mini gajeru ina ɗinkin fata, in ya yi kuskure ya gyara da kansa kafin in buɗe baki. Haka muka yi har ƙarshensa. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan ya ratsa gari a ƙafa, cikin yunwa, ya zauna a ƙofar masu bindiga saboda 'yan takardun da ba su cika hannu ba. Yau an ce rubutun duniya duk yana cikin abin nan da jikokina ke riƙe da shi, ba mai ƙwacewa, ba mai ƙonawa, kuma ba mai dubawa.

Kwanakin baya maƙwabciyata ta dawo daga tafiya ta kawo mini tsarabar littafi, ba ta san idona ya kai haka ba. Na shafa bangonsa, na sunsuna takardar. Na kira babbar jikata, mai karatun aikin jinya. Yarinya ce mai kirki, ita ke ɗiga mini magani a ido safe da yamma.

"Ƙawata, zo ki karanta mini."

Ta zauna ta fara, karatu santala-santala, amma salularta na ta ƙara a cinyarta, abokan karatunta ne ke nemanta a kan jarrabawa. Na ji muryarta ta rabu biyu.

"Kaka, tsaya, akwai dabara. Yanzu har littattafai ana karantawa a ɗauka, sai ki yi ta ji har ki gaji."

Ta daddanna, ta samo wata mata mai karanta labari, ta sa mini 'yan wayoyin nan a kunne, ta gyara mini matashi, ta shiga ɗaki. Muryar matar da daɗi, ba tuntuɓe, ba tari. Labarin ya kama ni kuwa. Aka kai wani wuri inda wata uwa ta rufe wa ɗanta ƙofa, sai na ɗaga hannu na ce, "A'a, dakata. Me ya yi mata da zafi haka?" Na juya in ga wanda zai tanka. Tsakar gidan cike take, kowa kansa a sunkuye. Matar kuwa ta riga ta wuce, har ta shiga wata magana. Na zare wayoyin na riƙe a tafin hannu, ina jin ta tana ci gaba ƙasa-ƙasa kamar sauro, har aka kira magariba.

Jikata ta fito ta durƙusa a gefena.

"Kaka, yaya? Kin ji daɗi?"

"Ta iya karatu," na ce mata.

Na miƙa mata abinta, na dafa bango na tashi in yi alwala.